Muryar Inna da Makulli Biyu

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji game da ni da babanku Illo, yayana. A ƙauye an ce na ɗauki muryar mahaifiyarmu na kai ta ƙasar Turawa na ɓoye don in tozarta shi. A Buza kuma, wajen abokan aikina na gidan rediyo, an ce tsoro ya kama ni na bari aka share ta. Duka biyun na ji su da kunnena, wani lokaci daga bakin mutumin da ke zaune yana shan shayina. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin muddin Yaya Illo yana raye, maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni labari, saboda haka zan rubuta muku yadda abin ya kasance, daga nan kowa ya riƙe abin da ya ga dama.

Kakarku Tassalla, wadda muke kira Inna, ɗiyar azna ce, wato masu addinin gargajiya. Ba abin ɓoyo ba ne, rabin ƙauyenmu na wajen Allakai asalinsu ke nan, ko da yake yau in ka faɗa wasu sai su haɗe rai. Mahaifinta shi ne mai yanka a gindin dutsen da ke gabas da gari kafin a yi shuka. Lokacin da aka haife mu ita ta daɗe da kama salla, ba ta wasa da azumi, carbinta ya yi sulɓi don ja. Amma waƙoƙin gidansu ba su bar bakinta ba. Akwai ta shuka, akwai ta daka, akwai kuma ta roƙon ruwa wadda mata ke yi idan damina ta yi jinkiri, kuma a cikin wannan ana kiran sunayen waɗanda kakanninmu suka yarda suna zaune a dutsen. Inna ba ta ɗauke su bauta ba. Tana yin su ne kamar yadda mutum ke tuna hanyar gidan da aka haife shi, ko da gidan ya rushe.

Yaya Illo shi ne ɗan farinta, ni ne auta. Ku da kuka tashi a birni sai na yi muku bayani. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarmu, can ya girma. Idan ya shigo gaishe ta sai ta kawar da kai ta amsa a taƙaice, idan ta dama fura mai kyau sai ta ba ni ta ce in kai wa “wancan”. Ni kuwa sunana ba ya hutawa a bakinta, Nomau zo, Nomau tafi, Nomau ka ci ka ƙoshi? Ban taɓa tunanin abin yana damunsa ba, domin haka kowane gida yake. Ya tafi karatu Madawa ya dawo, ya zama shi ke jan salla idan liman ba ya nan. Mutum ne mai tsoron Allah na gaske, ba na baki ba. Samarin da za su tafi cin rani wurinsa suke barin ajiya, wani akuya, wani damman hatsi, wani takardun gona, su yi shekaru su dawo su tarar da kayansu yadda suka bar su, akuyar ma ta hayayyafa.

Ni aikina gyaran na'urori ne a wani ƙaramin gidan rediyon karkara a Buza, tun zamanin kaset. Ban da gyara, ni ne mai yawo da makirfo ƙauye ƙauye ina ɗaukar maganar tsofaffi. Duk abin da na ɗauko muna zuba shi a na'ura ɗaya da ke ƙarƙashin tebur, har wata damina tsawa ta faɗo wa eriyarmu ta bi waya ta ƙone ta. Na buɗe cikinta na tarar baƙi ƙirin. A ranar muka rasa wani tsohon maƙeri na Galma da ya ba ni labarin yadda ake narka tama, muka rasa tsofaffin matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizayar ƙasa. Yawancinsu sun mutu, ba wanda za a koma a tambaya. Na yi kuka a bayan ofis kamar an yi mini rasuwa, kuma ba na jin kunyar faɗa muku.

Bayan wannan ne wata ƙungiya mai taimakon rediyoyin karkara ta kama mana hayar inji a abin da masu aikin ke kira kulawud, wato gajimare. Ba inji ba ne da za ka taɓa da hannu. A wata ƙasa mai nisa akwai manyan na'urori a jere cikin ɗaki mai sanyi, sai a yanka maka wani yanki a cikin ɗaya, ya zama kamar na'urarka ce sukutum, kana kunna ta kana kashe ta kana zuba mata kaya daga inda kake zaune a Buza. Daraktanmu, Mushe Garba (Mushe shi ne Malam a Faransanci), mutum mai fara'a da gaggawa, ya yi murna har ya yanka mana zakara. Ya ce shi ke nan, tsawa ba ta kaiwa can. Ni ma haka na ɗauka, sai da aka kira mu horo a Tawa. Mai koyarwar wata injiniya ce, Madam Rakiya, 'yar Madawa. Ta dube mu, yawancinmu da furfura, ta tambaya wa ya riga ya sa wa injinsa kariya. Muka dubi juna.

“Masu injin sun yi muku alkawalin ba ya mutuwa,” in ji ta. “Ba su yi muku alkawalin hannunku ba ya kuskure ba. In kun share abu, shi ma injin sharewa zai yi, da ladabi da biyayya.”

Na dawo Buza na zauna na yi aikin a tsanake, kuma har yau ina alfahari da shi. Da farko na buɗe wurin ajiya dabam, su suna ce masa sobgad, ni na sa masa suna rumbu. Ban gina shi a garin da injin yake ba, na zaɓi wata ƙasar, don ko mu a ƙauye ba mu jera rumbun tsimi kusa da na ci, saboda gobara. Sannan na sa ƙa'ida: kullum kafin asuba, lokacin da ba kowa ke aiki ba, a ɗauki hoton injin gaba ɗayansa, wato kwafin duk abin da ke cikinsa, a kai rumbu. Na kullum a riƙe shi wata guda, na ƙarshen kowane wata kuma a riƙe shi shekara, bayan nan tsohon ya faɗi da kansa don sabo ya sami wuri. Ɗaukar farko ta ja lokaci, rezo, wato layin sadarwa, yana zuwa yana ɗaukewa, ina zaune ina kallon ɗan layin yana rarrafe a allon na'ura har Mushe Garba ya fara tsokanata wai na auri allo. Da ta kammala ban yarda da rubutun da ya ce komai lafiya ba. Na ciro hoton na tayar da sabon inji da shi, na buɗe muryoyi na saurara, sannan na kashe shi. Abu biyu na ƙarshe su ne suka jawo duk abin da ya biyo baya. Na kulle rumbun yadda ba mai iya taɓa abin da ya shiga kafin lokacinsa ya cika, ko ni da na gina shi. Kuma na sa duk wata babbar sharewa sai da mutum biyu: ɗaya ya nema, a aika da lamba wayar na biyu, ya karanto ta. Ɓarayin zamani nake gudu, da kuma hannun Mushe Garba mai sauri. Ban kawo Yaya Illo a raina ba ko kaɗan.

Bayan girbin shekarar na tafi ƙauye da makirfo, na ce wa Inna lokacinta ya yi. Ta yi mini dariya, ta ce duk tsofaffin Adar sun ƙare ne na dawo kanta? Amma ta zauna a kan tabarma a inuwar rumbu, ta gyara kallabi, ta yi su ɗaya bayan ɗaya. Muryarta ta tsufa, tana karyewa a sama, sai ta tsaya ta sha ruwa ta ci gaba. Da ta gama ta nuna na'urar da haɓa.

“Nomau, wanga abu naka shina riƙe magana har bayan mutum ya mutu?”

“Shina riƙewa, Inna.”

“In kun so ku sa ma mata su ji, su tuna. Amma ba kyauta nib ba ka ba. Ajiya ta. Taku ta, kai da wancan.”

Na ce na ji. Na kai muryar na zuba a injin, kafin gari ya waye ta shiga rumbu. Da bazara, cikin tsananin zafi, Inna ta kwanta kwana kaɗan ta cika. Yaya Illo ne ya yi mata salla.

Daminar ta yi jinkiri. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse, mutane suka fita roƙon ruwa a filin idi suka dawo. Ina Keita ina taimaka wa wasu da gyaran eriya sai wasu tsofaffin mata suka riƙa kiran gidan rediyonmu suna cewa a sa musu waƙar roƙon ruwa ta dā. Mushe Garba ya duba ya sami ta Inna ya sa. Ban ga laifinsa ba, ita da kanta ta ba da izini. Sai dai Allah da ikonsa, ba a daɗe ba aka kece da ruwa, irin wanda ke cika gulbi. Ranar kasuwar Buza ba abin da ake faɗi sai waƙar Tassalla ta kawo ruwa. Wasu da wasa suke faɗi, wasu kuwa ba da wasa ba.

Washegari da hantsi, na riga na dawo ina ofis, sai ga Yaya Illo, ya yi tafiyar a bayan babur, rigarsa duk taɓo. Bai zauna ba. Ya gaisa da Mushe Garba, sannan ya juyo gare ni, kuma ba faɗa ya zo yi ba, idanunsa sun yi ja kamar wanda bai yi barci ba.

“Ka ji abin da mutane ka hwaɗi kasuwa? Allah ya ba su ruwa, sun ce tsohuwa ta. Tana kwance cikin kabari, ba ta iya tashi ta ce a'a. Duk wanda yaj ji ya ba da gaskiya, wa za a rubuta ma zunubin?”

Ina so ku fahimci wannan sosai. Ba sunansa a masallaci yake karewa ba, ko da yake an soma yi masa habaici. Uwarsa yake ji wa tsoro. Mushe Garba, wanda ba ya son ganin ran kowa a ɓace, ya ce Malam ya kwantar da hankalinsa, yanzu a gabansa za a share. Ya jawo allo, ya nuna masa sunan Inna, ya danna, sunan ya ɓace. Yaya Illo ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska ya yi hamdala, ya juya zai fita. Na san da na bar shi ya tafi zai kwana cikin natsuwa. Na kuma san muryar tana nan lafiya lau a rumbu, a cikin hoton jiya da na shekaranjiya da na watan da ya wuce. Ya kai bakin ƙofa na kira shi.

“Yaya, ba ta ɓace ba.”

Na yi masa bayanin rumbun yadda zan iya. Ya saurara har ƙarshe.

“To share ta can ma.”

“Ba ni iyawa. Na kulle. Sai shekara ta zagayo.”

“Kai ka gina, kai ka kulle, kuma kai ba ka iya buɗewa?”

“Haka na yi shi, Yaya. Da ina iyawa, ɓarawo ma shina iyawa.”

A duniyarsa ba a taɓa yin ƙofar da mai ita ba ya iya buɗewa ba, don haka abu ɗaya ya rage masa ya ɗauka, cewa autan Inna yana yi masa ƙarya da kalmomin lakwal, makarantar boko. Na gaya masa abin da ta ce, cewa ajiya ce tamu mu biyu. Ya ce shi ba a ba shi komai ba, ya fita.

Da na koma gida na ba uwarku Hasiya labari, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

“Kai dai bakinka ba shi da ƙyaure. Mutum ya yi hamdala ya kama hanya, da ka yi shiru mi za ya ci ka?”

“Bai taɓa yi mini ƙarya ba, Hasiya.”

“To ga gaskiya nan, sai ka dafa muna mu ci.”

Ta fi ni ganin nesa wajen abin da zai biyo baya. Tun rasuwar mahaifinmu gandu ɗaya muke nomawa ni da Yaya Illo, shi yana kula da shi, ni ina zuwa ƙarshen mako, da kaka a raba. A wannan daminar ya kira dattawa biyu, ya jera duwatsu tun daga bakin hanya har gindin tudu, ya ce wannan gefen nawa ne. Bai cuce ni ko taki ɗaya ba, ya ma bar mini gefen da ya fi riƙe ruwa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Idan na aika da tuwo gidansa a karɓa a ba yara. Ranar salla na je gaishe shi ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙon da ya tambayi hanya. Ku kuma aka daina aika ku hutu ƙauye, kuna tambaya ana ce muku hanya ce ba ta da kyau. Na yi kewarsa ƙwarai. Mutum ne da ba ya yawan magana, amma na saba in zauna kusa da shirunsa.

Shekarar ta tafi a hankali. Mun yi alkawari ni da Mushe Garba ba za a sake sa waƙar ba, ba a kuma sake ba. Kowane wata ina yin gwajina, in tayar da inji daga rumbu, in duba, in kashe. Sunan Inna yana bayyana a cikin tsofaffin hotuna, ina ganinsa, ban taɓa dannawa ba, domin na ga ba daidai ba ne in ci ni kaɗai daga abin da aka ce namu ne mu biyu. Na yi ta juya maganar Yaya a raina. Ni ba malami ba ne, ban san yadda ake rubuta wa mamaci ba. Abin da na sani shi ne na ga ranar da muka rasa maƙerin Galma, na kuma san abin da ba ya dawowa. Ana nan hotunan da ke ɗauke da muryarta suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya yadda na tsara, har ya rage na ƙarshe. Idan na naɗe hannu, farkon damina zai faɗi da kansa, Yaya ya sami abin da yake so ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Idan kuma na ciro ta a ɓoye, na zama abin da yake zargina da shi.

Na hau babur na tafi ƙauye, na same shi a zaure yana gyaran igiya. Na gaishe shi na zauna a ƙasa. Na ce masa lokaci ya kusa, kuma ba roƙo na zo yi ba, tambaya na zo yi wa mai riƙon ajiyar mutane. Idan an ba mutum ajiya aka ce ta wane ce, ya halatta ya bar ta gara ta cinye don mai ita ya ce ba ya so? Ya ci gaba da murɗa igiyarsa har na ɗauka ba zai amsa ba.

“Ba ta halatta. Sai ka kai mai hannu da hannu. In ya so ya ƙone abinai.”

“To ka ba ni izini in ciro ta in sa ta rumbu nata ita kaɗai. Makulli guda gare ni, guda ga wayarka. Ni in nemi sharewa, kai ka karanto lamba. Da hannunka.”

“Kawo. In karɓa in share.”

Mushe Garba ya yarda da murna, dama abin ya ishe shi. Na ciro muryar na sa ta a ɗan ƙaramin rumbu, na cire lambar Mushe Garba, wanda a dā shi ne mutum na biyu, na sa ta Yaya. Hoton ƙarshe kuma ya faɗi da kansa. Ruwan shuka ya sauka a makon. Da safe na tafi gona da 'yar na'urata a jaka, domin a ƙauyenmu rezo ba ya kamawa sosai sai a kan tudun da ke ƙarshen gonarmu, daidai inda layin duwatsun ya tsaya. Ƙasa tana ƙamshi, ko'ina mutane sun duƙa da sungumi. Yaya ya hau tudun da ƙwaryar iri a hannu, ya ajiye ta. Na buɗe na'urar a kan gwiwata, na nuna masa sunan, na gaya masa wannan karon babu wani rumbu a baya, in ta tafi ta tafi. Ya ce ya ji. Na danna, domin na yi alkawari. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ta, irin ƙaramar nan mai maɓallai, ya riƙe ta a tafin hannu yana kallo.

“Mi tac ce, ranar da ta ba ka?”

“Ta ce ajiya ta. Taku ta, kai da wancan.”

“Wancan tac ce?”

“Haka tac ce.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Na gaya masa lambar ba ta daɗewa, in ba a karanta ba mutuwa take. Wannan mutum ne da ke karanta Alƙur'ani mai ƙananan baƙaƙe ba tare da tabarau ba har ya bar duniya. Ya matso da wayar kusa da ido, ya nisanta ta, ya kare ta da hannu. Muna nan tsaye har allona ya nuna lokaci ya wuce.

“Rana ta hana ni gani,” in ji shi.

“In sake aikowa?”

Ya mayar da wayar aljihu, ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryarsa.

“Shuka na jiranmu. Bari sai baɗi.”

Kada ku ɗauka daga nan komai ya koma yadda yake. Duwatsun suna nan har yau, bai ɗauke ba, ni ma ban nema ba. Bai taɓa cewa ya yarda da ni game da kullen ba, kuma bai taɓa neman ya saurari muryar ba, ko sau ɗaya. Amma a ranar da ya gama gefensa ya tsallako ya taya ni nawa, ina sara yana zuba iri yana takewa, da rana kuma muka sha fura a ƙwarya ɗaya. Hutun da ya biyo baya aka aika ku ƙauye. Tun daga nan duk shekara idan ruwan shuka ya sauka sai in hau tudun da na'urata, shi ma ya hau. In ce, “Yaya, in aiko da lambar?” Shi kuma ya dubi sama kamar mai duba hadari, ya ce sai baɗi. Na yi ritaya na bar gidan rediyo, amma ɗan rumbun nan ni nake kula da shi, ina gwada shi kamar yadda na saba. Shi kuwa ya sauya waya ya sauya, bai taɓa yarda a sauya masa lamba ba. Akwai lokacin da layin ya kusa rufewa don ba ya kiran kowa, ya yi tafiya takanas har Buza aka gyara masa.

Bara da sanyi ciwo ya kwantar da shi. Na je na zauna a bakin gadonsa, kwana da kwanaki. Kun san yayarku Ramatu, ɗiyarsa ta fari, wadda ke aure a Madawa. Ta zo jinya, tana shiga tana fita da ruwan zafi da kunu, shi kuma yana kawar da kai idan ta shigo, yadda aka yi masa, yadda ya ga ana yi. Tun da aka haife ta ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Wata safiya ta fita da kwano, sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro wayar ya danƙa mini. Ya nuna ƙofar da ta bi da haɓa.

“Ajiya ta. Ka ba waccan.”

Bayan an yi addu'ar bakwai na kira Ramatu gefe na ba ta, na kuma ba ta labarin nan duka kamar yadda na ba ku yanzu. Makullina ni kuma na rubuta yadda ake amfani da shi, yana wurin uwarku, naku ne in na tafi. Ba zan ce muku ku share ba, ba zan ce ku bari ba. Abu ɗaya na sani, ba ɗayanku da zai iya yi shi kaɗai, sai ya je ya sami 'yar'uwarsa sun zauna.

Bana da ruwan shuka ya sauka Ramatu ta zo ƙauye. Na hau tudun da ƙyar ina dogara sanda, ta biyo ni da wayar a ƙulle a bakin zanenta. Na buɗe na'urar, na tambaye ta ko in aiko da lambar. Ba ta kwance ƙullin ba.

“Baba, sake hwaɗa mini. Mi yac ce da ya ba ka ita?”

“Ya ce in ba waccan.”

Ta juya ta dubi gonar, ta goge ido da gefen mayafi, ta daɗe ba ta juyo ba.

“Rufe abinka, Baba,” ta ce. “Sai baɗi.”